Baba Rotimi da Bajon Sajan Maliki

In ka shiga Nassarawa ta Birnin Kebbi ka ce kana neman telan sojoji, ba wanda zai tambaye ka wanne. Za a nuna maka wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa, tsakanin mai gyaran rediyo da mai injin markaɗe, inda wani tsoho gajere mai tabarau a ƙarshen hanci yake taka keke kamar shi da keken suna da tsohuwar gaba. Baba Rotimi ke nan. Shekararsa saba'in da ɗoriya, kuma in ka cire shekarun rarrafe, sauran duk a kan kaki da hulunan soja suka ƙare.

Bayerabe ne, asalin gidansu Ogbomosho, amma bai san garin ba sai in biki ko mutuwa ta kai shi. A Zariya aka haife shi, a bayan bariki, inda ubansa Ayobami yake ɗinka wa sojoji kaya tun zamanin Turawa. Bayan yaƙin basasa suka bi sojoji zuwa Sakkwato. Can tsohon ya rasu, can Rotimi ya yi aure. Da aka ba Kebbi jiha sai ya kwaso kekensa da matarsa Foluke ya dawo Birnin Kebbi. Hausar bakinsa ta Kabawa ce tsaf, sai dai muryar ta ƙi barin gida: in ya ɗaga ta a masallacin layi yana faɗa da wanda ya taka masa takalmi, ko makaho ya san Bayerabe ke magana.

Gadon da ubansa ya bar masa bai wuce abu biyu ba, keken nan da wani tsohon gwangwanin alewa. A cikin gwangwanin akwai bajo sama da arba'in, wato ɗan tambarin ƙarfen nan da soja ke maƙalawa a gaban hularsa. Wasu na Turawa ne, wasu na bayan 'yancin kai, wasu ma na rundunonin da aka daɗe da mantawa da sunansu. Rotimi ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ka ɗauko masa bajo, zai gaya maka rundunar da ta sa shi, da zamanin da aka yi yayinsa, da irin hular da ake kafa shi a kai. Hafsoshi ma sukan tsaya shagon su yi gardama a kan wani tsohon tambari, in ya yanke hukunci magana ta ƙare.

Sai dai yana da wata ɗabi'a mai ƙona rai. Ba ya taɓa faɗin sunan bajo sai ya karɓe shi a hannu, ya auna nauyinsa a tafi, ya juya bayansa. Ko da kuwa bajon da ya maƙala da hannunsa jiya ne. Wannan daga ubansa ya samo. Yana saurayi a Sakkwato wani mutum ya shigo da hula a yi masa gyara, Rotimi ya dubi fuskar bajon ya ce masa ranka ya daɗe. Ayobami ya karɓi hular ya juya, sai ga bayan ƙarfen duk ƙuraje, aikin maƙerin kasuwa ne da aka zuba da dalma. Mutumin sojan gona ne, mai tare 'yan ƙauye a hanya. Da ya tafi, tsohon ya ja kunnen ɗansa har ya yi ja, ya ce fuskar bajo kowa na iya ƙera ta, gaskiyarsa a baya take. Shekara hamsin Rotimi bai sake wannan kuskuren ba, kuma yana alfahari da haka fiye da kima.

Akwai wani darasin da ba ubansa ya koya masa ba, zaman arewa ne ya koya masa. Baƙo, ko ya shekara nawa, ya riƙa tauna magana kafin ya furta. Lokacin rikicin zaɓe na casa'in da uku, da 'yan'uwansa suka yi ta ɗaure kaya suna cika motocin kudu, shi ya zauna. Abin da ya zaunar da shi lafiya kuwa shi ne bai taɓa sa baki a rigimar 'yan gari ba. Ba ya shaida, ba ya tsaya wa kowa, ko faɗan maƙwabta aka kawo masa sai ya ce Allah ya kyauta ya ci gaba da taka keke. Foluke, kafin ta rasu, takan ce masa shi ko gobara ya gani sai ya tambayi izinin mai gida kafin ya yi ihu.

A 'yan shekarun nan tsoron ya ƙaru, kuma ba za a ce ba dalili ba. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyuka sanye da kakin soja, ido ya dawo kan teloli irinsa. An tara su an ja musu kunne: duk wanda aka samu kayan soja sun fita ta hannunsa zuwa daji, ya kuka da kansa. Rotimi ya daina karɓar aikin duk wanda bai nuna katin aiki ba. Gwangwanin ma ya sauke shi daga kanta ya tura ƙarƙashin tarin ƙyallaye.

Cikin mutanen da ba soja ba, wadda ta fi sabawa da shagon ita ce Rukayya, wata mata 'yar Ambursa mai kawo shinkafar gida tana zagawa da ita layi-layi. Shekara ashirin tana sauke kwaryarta a ƙofarsa ta sha ruwa ta huta. Ita ta yi wa Foluke jinya a makonta na ƙarshe, lokacin da 'ya'yan suna can kudu a Ikko ba su iso ba. Tana ce masa Baba, yana ce mata ɗiyata, kuma ba na fatar baki ba ne. Ya san ƙanenta Tamba, manomin albasa mai 'ya'ya huɗu, mutum mai sanyin hali da i'ina. In yana cikin natsuwa maganarsa takan fito, in ya tsorata kuwa sai harshen ya ƙulle, ka gan shi yana buga ƙafa a ƙasa yana neman kalma ɗaya.

Wata Laraba a ƙarshen damina, ruwa ya fara janyewa daga fadama, hantsi bai gama ɗagawa ba Rukayya ta diro daga babur ɗin kabu-kabu a ƙofar shagon. Ba kwarya, ba sallama, mayafinta na jan ƙasa.

“Baba, sun kama Tamba. Sun ce ɗan bindiga na. Kashe shi za su yi.”

“Su wa? Zamna tukuna, ɗiyata, ki hwaɗa man daidai.”

Ba ta zauna ba. A tsaye ta ba shi labarin, rabi magana rabi kuka. Tamba ya tafi sayen irin albasa na dashe a wata tunga da ke ƙetaren gulbi, bayan Argungu. Ba zan faɗi sunan tungar ba, don akwai mutanen kirki a cikinta da har yau ba sa iya haɗa ido da baƙo. Mako biyu kafin ranar, wasu mutane cikin kaki sun shiga garin da rana tsaka. Jama'a suka ɗauka sojoji ne aka turo musu, suka fito tarya, har da masu kawo ruwan sha. Mutum bakwai aka binne a yammacin. Tun daga nan samarin garin suka kafa sintiri, duk baƙon da ya sauka daga jirgin fito sai an caje shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Da suka laluba Tamba sai suka ji kambu ɗaure a damtsensa, cikin jar fata. Suka tambaye shi mene ne a ciki. Ya ce laya ce ta gado, ayoyi ne. Suka sa wuƙa suka farke, sai bajon soja ya faɗo ƙasa.

Tamba bai yi ƙarya ba, bai sani ba ne. Kakansu Maliki yana cikin mutum biyar da aka ɗiba daga ƙauyensu lokacin yaƙin duniya na biyu aka kai su Bama, ta ƙetaren teku. Shi kaɗai ya dawo, da igiya uku a hannu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Mutanen gida suka yanke cewa sirrin yana cikin ƙarfen da ya sa a goshi har ya je ya dawo. Da ya tsufa sai aka kai wa baduku ya rufe bajon cikin fata, ya zama kambun gidan, uba ya ba ɗa. Kambu kuwa ba a buɗe shi, ba a kuma yawan tambayar abin da ke ciki, wai kada ya karye. Rukayya ta sani ne kawai don tana ƙarama ta ga ranar da aka sake masa fata. Shekaru yana rataye a ƙusa cikin ɗaki. Sai da hanyoyi suka lalace matar Tamba ta matsa masa ya riƙa ɗaurawa in zai yi nisa, don tsari.

To ga baƙo, ga kayan soja a ɓoye cikin fata, ga shi ya ce ayoyi ne, ga shi kuma an tambaye shi ya kasa magana sai buga ƙafa. Limamin garin ne ya shiga tsakani, ya ce a kira danginsa a waya a ji ta bakinsu. Rukayya ta rantse musu na kakansu ne. Suka ce ai dole ta ce haka. Shi ne ta ce akwai wanda duk Kebbi ba a kai shi sanin kayan soja ba, su ba ta rabin awa.

Ta kira lambar Tamba ta miƙa wa tsohon. Wanda ya ɗauka shi ne Rabi'u, shugaban 'yan sintirin, wanda ƙanensa na cikin bakwai ɗin da aka binne. Bayan muryarsa ana jin hayaniya kamar ta kasuwa.

“Kai na telan?”

“Ni na.”

“An ce ka san kayan soja. Ba ni lambarka in aiko ma hoto. Ka duba da kyau, tsoho, na buɗe murya, jama'a duk suna jin ka.”

Hoton ya shigo wayar da 'yarsa ta aiko masa daga Ikko. Tun bai gama washewa ba Rotimi ya gane shi. Bishiyar kwakwa ce tsaye a kan ɗan tudu, ƙarƙashinta wani ɗan ƙyalle na ƙarfe mai haruffa biyar. Bajon rundunar da Turawa suka haɗa daga ƙasashensu na yammacin Afirka, wadda tsofaffin bariki ke kira Waf. Irinsa ya fara gogewa da toka da lemun tsami yana ɗan shekara bakwai. Akwai ɗan'uwansa sak a cikin gwangwani, taku biyu daga inda yake zaune. Ba sojan da ya sa wannan a hula tun shekarar da aka sauke tutar Turawa.

Ya buɗe baki, sai ya tuna jama'a na ji. Ya tuna taron da aka yi musu. Ya ga yadda za a faɗa gobe in wani abu ya ɓullo: Bayeraben nan na Nassarawa, mai ɗinka kaki, shi ya wanke ɗan bindiga ta waya. Ya kuma ji zafin yatsun ubansa a kunne. Gaskiyar magana, shi kansa bai san wanne ya fi ƙarfi a cikin biyun ba, ƙa'idar sana'a ko tsoro. Da suka haɗu sai suka ba shi amsa guda, kuma amsar ta yi kama da hankali.

“Wanga ya yi kama da na sojan Turawa, na da can, waɗanda anka kai Bama. Juya shi ka ɗauko man bayanshi.”

Hoto na biyu ya zo. Bayan bajon baƙi ƙirin, dattin fata da gumin shekaru sun daskare a kai, ba a ganin komai.

“Tsoho, ba mu son ya yi kama,” in ji Rabi'u. “Shi na ko ba shi na ba? Kana iya rantsuwa da Allah ba na sojan yanzu na ba, ba kuma irin wanda mutanen daji ka sawa ba?”

Rukayya ta durƙusa a gaban keken ta riƙe ƙafar wandonsa. Ta ɗaga kai ta kafa masa ido.

“Rantsuwa ba wasa ta ba, yaro. Ban rantsuwa bisa hoto. Sai na riƙa shi ga hannuna na kankare bayan. Ku jira ni, ga ni nan tahe. Kada wanda ya taɓa shi.”

Hayaniyar da ke cikin wayar ta canza. Rabi'u ya ce to, ya kashe.

A ganin Rotimi ya yi abin da ya dace, har ma ya yi jarumta, tunda ga shi zai rufe shago ya shiga rigimar da ba tasa ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya tono gwangwanin ya sa a jakar leda, ya ɗauki ɗan almakashinsa na farke ɗinki, suka nufi tasha. Motar Argungu sai da ta jira cikon mutum biyu. Rukayya ta yi ta kiran lambar Tamba. Sau biyu Rabi'u ya ɗauka ya ce suna jira. Na uku ba a ɗauka ba.

Sun wuce Ambursa, shinkafa ta sunkuya da nauyi hagu da dama, mata na korar tsuntsaye, sai wani tunani ya faɗo wa tsohon. Wa zai zauna ya ƙera jabun bajon rundunar da ta mutu shekara sittin da suka wuce? Ɗan fashin da ke son a ɗauke shi soja, na yanzu zai nema, mai mikiya da tauraro. Ko da a ce wannan na dalma ne, ko da maƙerin kasuwa ne ya zuba shi, ba abin da zai canza: ba na sojan yau ba ne, ba kuma na mutanen daji ba. Tambayar da Rabi'u ya yi masa ke nan, kuma amsarta tana kan fuskar bajon ɓaro-ɓaro. Bayan bajon ba shi da aiki a wannan shari'ar. Ya amsa tambayar ubansa ne, ba tambayar da aka yi masa ba.

Ya fizgo wayarsa ya kira lambar da ta aiko hoton. Tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya sake, ya sake. Ya ce da direba don Allah ya taka, direban ya ce ga shingen bincike a gaba, yaya zai yi. Rukayya ta dube shi ta ga yadda yake ta danna wayar, ta kau da kai ta ci gaba da jan carbi.

Daga Argungu suka hau kabu-kabu zuwa bakin gulbi, daga nan jirgi. Mai fiton ya dube su, ya ji inda za su, ya kau da kai ya tuƙa har ya kai su gaci. Ana kiran azahar a wani gari can nesa lokacin da suka hau tudun tungar. A tungar kanta ba a kira ba.

Ba hayaniya. Ba a jin daka, ba a jin yara. Maza na tsaye gungu-gungu a jikin katangu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. A gindin wata tsamiya an rufe wani abu da buhunan albasa guda biyu, ƙafafu sun leƙo, ɗaya da takalmin roba ɗaya babu. Damin irin da Tamba ya saya ya watse ko'ina an tattake shi, wurin duk warin ɗanyar albasa.

Rukayya ba ta yi ihu ba. Ta je ta ɗaga buhun, ta duba, ta mayar. Ta cire mayafinta ta rufe ƙafafun. Sannan ta zauna a ƙasa ta dafa shi kamar mai lallashin yaro ya yi barci.

Limamin, wani dattijo da rawaninsa ya warware ga jini a hannun rigarsa, shi ya gaya wa Rotimi yadda aka yi. Ana kashe wayar wani ya ɗaga murya ya ce kun ji, ko telan sojoji ya ƙi rantsuwa. Maganar ta bi taron, kafin ta kai baya ta zama telan sojoji ya ce na 'yan bindiga ne. An yi ta riƙe mutane kusan awa guda. Daga nan wani ya yi jifa. Liman ya ce Tamba har ƙarshe yana ƙoƙarin faɗin wani abu, sunan kakansa ne ko kalmar shahada, harshen bai sake shi ba.

Rabi'u na tsaye gefe da bindigar toka a kafaɗa. Saurayi ne da bai fi talatin da biyar ba, idanunsa jawur. Ya ce shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Wataƙila ya yi. Ni dai na san mutum mai bindiga a hannu in ya ce kada a taɓa, ba a cika taɓawa ba.

“Ba ni shi,” in ji Rotimi.

Rabi'u ya zaro bajon daga aljihu ya miƙa masa. Tsohon ya auna shi a tafi, don hannun ya riga ya saba, ba sai an sa shi ba. Nauyin tagulla ne na gaske. Ya juya shi, ya sa bakin almakashi ya kankare dattin. Kunnuwa biyu na jan ƙarfe, waɗanda ake maƙala shi da su a hula, suka fito, ɗaya ya lanƙwashe saboda daɗewa cikin fata. Bayan sumul yake, bugun inji, ba ƙurji ko ɗaya. A gefe an karce wasu lambobi da bakin ƙusa, irin yadda sojojin da ke yi don kada a sace musu kaya. Ya buɗe gwangwanin ya ɗauko na ubansa ya jera su a tafin hannu, ya ɗaga sama. Kamar tagwaye.

Sai ya yi magana da muryar nan tasa ta faɗan takalmi, wadda ake ji daga ƙarshen layi.

“Ku duba, ku duka. Wanga bajon Waf na, sojan da Turawa sunka tara daga Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Bataliyoyin Najeriya sun sa shi sun tai Bama. Rundunag ga an rushe ta tun ba a haihi uwayen wasunku ba. Ba sojan da ka sa shi yau, ba ɗan bindigan da ka neman shi. Na Sajan Maliki na, mutumin Ambursa, kakan wanga da kunka kashe. Na rantse da Allah. Na rantse da Alƙur'ani.”

Wata tsohuwa a bayan zana ta fashe da kuka. Rabi'u ya dube shi ya ce, “To mi yas sa ba ka ce haka ɗazu ba?”

Rotimi ya mayar da bajon ubansa cikin gwangwani ya rufe.

Hukuma ta zo kafin la'asar, aka tafi da wasu, aka ɗauki bayani, aka karɓi bajon a matsayin shaida. Washegari aka binne Tamba a Ambursa. Rotimi ya tsaya a sahun baya. Da aka zo gaisuwa mutanen gidan suka yi ta yi masa godiya, wai ya bar aikinsa ya je har can ya wanke sunan ɗansu. Kowace godiya sai ya ji kamar an ɗora masa dutse. Rukayya ba ta gaya wa kowa abin da aka faɗa a waya ba.

Ya koma shago. Mako uku yana buɗewa yana rufewa, aiki na taruwa, ba ya gama komai. Wani kofur ya kawo hula a kafa masa bajo, ya ga tsohon ya riƙe ta yana ta kallon bajon har sai da kofur ɗin ya ce Baba lafiya.

Ranar da Rukayya ta dawo, da safe ne, da kwaryar shinkafa a ka kamar kullum. Ta yi sallama, ta sauke, ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambayi 'ya'ya na Ikko. Ya miƙa mata kofin ruwa ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

“Baba, tambaya guda ni ka so in yi ma. Don Allah kada ka ɓoye man.”

“Yi, ɗiyata.”

“Sa'adda hoton nan na hwarko yas shigo, ka gane shi?”

Yana iya cewa hoton bai fito da kyau ba. Yana iya kawo mata labarin ubansa da sojan gona, da taron da aka yi wa teloli, duk gaskiya ne, kuma ita mai yarda ce. Ya cire tabaransa ya ajiye a kan keke.

“Na gane shi.”

“Ba shakka?”

“Ba shakka. Tun bai gama buɗewa ba.”

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta ajiye kofin a ƙasa da ruwansa. Ta kwance bakin zanenta ta ciro bajon, wanda aka maido musu bayan an gama rubuce-rubuce, ta ɗora shi a kan farantin keken, kusa da allura.

“Matat Tamba ta ce ba ta son ganin shi cikin gida, ɗiyan ma ba mai ɗaura shi. Riƙe, Baba. Yanzu ga shi ga hannunka, sai ka yi ta juyawa.”

Ta ɗauki kwaryarta. Ya tashi zai taya ta ɗorawa kamar yadda ya saba shekara ashirin, ta riga shi, ta ɗora da kanta.

Har yau tana bin layin duk safiya. Tana tsayawa daidai ƙofar ta ce ina kwana Baba, ya ce lafiya lau ɗiyata, ta wuce. Kwaryar a gaban mai injin markaɗe take sauke ta yanzu, can take shan ruwa. Bajon yana nan inda ta ajiye shi, bai sa shi cikin gwangwani ba, bai kuma ƙara taɓa shi ba. In ɗinki ya zo wucewa ta wurin sai ya karkatar da yadin ya kewaye shi.